Neman shawara: masu bincike suna son ɗibar jinin Inna saboda cutar mantuwa

Maman Safiya: Assalamu alaikum, don Allah ku ba ni shawara. Innarmu ta haura shekara 70, tana Mabera wajen Yaya. Tun rasuwar Baba ta fara mantuwa: ta ɗora tukunya har ta ƙone, ta yi la'asar sau biyu, ranar nan ta fita wai za ta gidan iyayenta da aka rushe tuntuni. Matar Yaya ta ce sammu ne, an yi ruƙiyya, an sha rubutu. Yanzu wasu likitoci masu bincike suna son sa ta cikin aikinsu. Yaya ya ƙi, ni kuwa na riga na amsa musu.

Abu Yasir: 'Yar'uwa, bincike daban, magani daban. Za su gwada ƙwaƙwalwarta da tambayoyi, su tambayi mai kula da ita abin da ya canja, su ɗebi jini, sannan su riƙa dawowa shekara da shekaru. Haka aka yi a binciken Ibadan da Indianapolis da ya fara a 1992, aka gano cutar mantuwa ta Alzheimer ta fi kama baƙaƙen Amurka fiye da Yarabawan Ibadan. Ki tabbatar gwajin na wanda bai yi boko ba ne, don gwajin ƙwaƙwalwa da aka saba yi, mai maki 30, yana buƙatar karatu da rubutu, sai tsohuwa mai lafiya ta faɗi gwajin. Ki nemi takardar amincewa da Hausa, da shaidar kwamitin ɗa'a mai ba da izinin bincike, ki ji inda za a kai jinin. Kuna iya janyewa kowane lokaci.

Hajiya Inno: Ɗiyata, ku fara kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ko na koyarwa. A duba sukari, bitamin B12 da thyroid (ƙwayar da ke maƙoshi), a yi hoton kai, don faɗuwa kan tara jini a ƙarƙashin ƙoƙon kai. Baƙin cikin rashin miji ma yana kama da mantuwa, kuma yana warkewa.

Ɗan Sakkwato: Kar ki yarda. Su ɗebi jinin talaka, su rubuta takardunsu, sakamako ko a waya ba a faɗa maka.

Maman Safiya: Ba mu da kuɗin hoto, shi ya sa na amsa. Su sun ce kyauta ne.

Abu Yasir: Wane gwajin ne kyauta? In na gado ne, wato APOE, haɗari kawai yake nunawa, ba ya tabbatar da cuta. Kuma kar wani ya saya mata maganin mantuwa donepezil a kemis. Likita ke farawa da miligiram 5, bayan wata guda ya kai 10, don yana rage bugun zuciya, yana kawo gudawa.

Hajiya Inno: Malam, ba a kai ga magani ba tukuna. Wa ke kwana da ita?

Maman Safiya: Matar Yaya. Shi kuma ya rantse ba zai sa hannu ba, ga masu binciken gobe za su kira ni.