Ƙofar salansa a Golf GTI: ta lantarki ko ta iska?

Nasiru GTI: Assalamu alaikum manya. Ina son in sa wa Golf 5 GTI ɗina ƙofar salansa, wadda ake buɗewa hayaƙi ya fita kafin ya kai tukunyar baya. Injin 2.0 turbo ne, ba a taɓa kwamfutarsa ba. Ta lantarki mai rimot zan saya ko wadda iska ke buɗewa? Kuma a ina ya fi dacewa a yanka bututun?

Laminu Zariya: Wa alaikumus salam. Ta lantarki mana. Ka danna ta buɗe, ka danna ta rufe.

Maigida Issa mai walda: Nasiru, ƙara kake nema ko ƙarfi? Faɗa mini wannan tukuna.

Nasiru GTI: Duka biyu, maigida. Amma in shigo unguwa shiru, don Baba ba ya son hayaniya.

Elh. Mutari: Ƙanena, ka saurare ni kafin ka tura kuɗi. Na sa ta lantarki a tawa, irin marar suna da ake turowa a kwali tare da rimot biyu. Wanda ya ɗaura mini ita ya manna ta kusa da turbo, wai a nan ta fi amfani. Ɗan motan lantarkin da ke juya faifan da ke buɗe ƙofar yana da ƙananan haƙora da man giris a ciki, ga shi jingine da bututun da ke ɗaukar zafin ɗaruruwan digiri, ga zafinmu na Afrilu da Mayu da ke wuce 40. Giris ya narke, robar waya ta ƙone. Da damina ta sauka sai ruwan da ke kwanciya a titunan cikin gari ya gama da sauran. Ta maƙale a buɗe ina dawowa daga Tasawa, na yi ta danna rimot ba labari. Haka na shigo gari bayan isha'i, jandarmomin bakin shiga suka tsayar da ni, maƙwabta suka fito ƙofar gida.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba ƙarar ba ce. Bakin ƙofar yana kallon cikin motar ne, bai karkatar da shi ƙasa ba. In na tsaya da gilashi a rufe sai hayaƙi ya riƙa shigowa, yarana suna baya, ƙaramar ta fara cewa kanta na ciwo. Iskar da ke kashe mutum a hayaƙin mota ba ta da wari ko launi, ita ce dai wadda ke kashe masu kwana da janareto a ɗaki. Da na koma wurin mai sayarwa ya ce shi kaya yake kawowa, ɗauri ba ruwansa. Mai ɗauri ya ce kayan ne ba su da kyau. Ƙarshe faifan ƙarfe muka sa da kusoshi uku muka toshe wurin.

Tun kafin ta mutu ma ba ta taɓa rufewa ruf ba. Baƙin toka na taruwa a gefen faifan, sai ka ji tana tsiyayar iska "fis-fis" da safe.

Laminu Zariya: Subhanallahi. Allah ya ƙara tsarewa, Alhaji.

Habu Tibiri: Amin. Amma Alhaji kai ma ka san abin arha.

Elh. Mutari: Ba arha aka sayar mini ba, Habu.

Maigida Issa mai walda: To Nasiru, ga gaskiyar motarka. A Golf 5 GTI abin da ke shaƙe hayaƙi yana gaba ne, a bututun da ke saukowa daga turbo, inda katalizar take, wato matatar da ke rage gubar hayaƙi. In ka yanka bayan katalizar, tukwanen baya kawai ka tsallake: za ka samu ƙara, ƙarfin da za ka ji kaɗan ne. In ka yanka gabanta, na'urar lamda ta biyu, mai auna hayaƙi bayan katalizar, ba za ta ga hayaƙi yadda ta saba ba, fitilar inji ta kama. Kuma wurin matsattse ne, ga zafin da Alhaji ya faɗa. Mai son doki na gaske a wannan injin, babban bututun gaba yake sawa, mai milimita 76, sannan a sake wa kwamfuta lissafi. Motar da doki 200 ta fito daga kamfani, ƙofa ita kaɗai ba za ta mai da ita wani abu daban ba.

Nasiru GTI: Ke nan a bayan katalizar zan yanka in dai ƙara ce?

Maigida Issa mai walda: Ƙwarai. A tsakiyar mota, bayan lamda ta biyu, nesa da tankin mai domin na roba ne, nesa da bututun birki. A sa mata guntun bututu mai lanƙwasa ya kalli ƙasa. Kuma a juya motan ƙofar ya koma gefe ko sama, kada ya rataya, in ba haka ba tudun kan titi na farko zai cire shi.

Seyni Yamai: Bagobiri ma yana ba da shawarar turbo? Habu, ka koma kan amalanke.

Habu Tibiri: Bazabarme, ka fara biyan kuɗin tayar da ka ɗauka tukun ka yi magana cikin iyayen gidanka.

Seyni Yamai: Taya ta zama harajin bawa ga ubangidansa 😂

Dr. Rabi'u: Ku bari mu ƙaru. Wani abu da ba a ambata ba: turbo na juyawa ne da bambancin matsi tsakanin gabansa da bayansa. In ka rage matsin baya zai tashi da wuri, wannan ne daɗin. Amma ƙaramar ƙofar da ke cikin turbo, wadda ke zubar da rarar hayaƙi, tana iya kasa zubarwa yadda ya kamata, sai matsin iska ya riƙa hawa fiye da abin da kwamfuta ta nema. A motocin Volkswagen in haka ta faru za ka ga lambar matsala P0234 a kwamfuta, motar ta rage wa kanta ƙarfi. An fi ganin wannan in an buɗe gaba sosai, ba a yankan tsakiya ba. Duk da haka ka sa agogon matsi ka riƙa kallo. Kuma don Allah kada ka taka ta da man kwalba na bakin hanya. Injin nan mai fesa mai kai tsaye ne, ba ya yafe gurɓataccen mai.

Laminu Zariya: Likita, man kwalba da shi muka girma.

Dr. Rabi'u: Da shi Starlet ta girma, Laminu. Ba injin turbo ba.

Sani Dan Issa: Wa ke da lambar mai kawo kaya daga Ƙofar Ruwa? Ina neman famfon mai na 406.

Habu Tibiri: Zan turo maka ta gefe.

Nasiru GTI: Manya, ba a ce komai kan ta iska ba fa.

Maigida Issa mai walda: Iri biyu ce. Akwai wadda matsin turbo ke turawa: siririn tiyo ne daga inji zuwa wani gwangwani mai sifirin. Ka taka, matsi ya hau, ta buɗe. Ka ɗaga ƙafa, sifirin ya rufe ta. Babu waya, babu ɗan motan lantarki mai ƙonewa, ruwa da ƙurar hunturu ba su cika damunta ba. Ni ita nake so wa ƙasarmu. Aibinta, ba za ka buɗe ta kana tsaye ba, kuma in ka taka da ƙarfi cikin unguwa za ta buɗe ko ba ka so, sai in an sa ɗan famfo a kan tiyon ka kulle shi. Ɗayar kuma zuƙar iska ke jan ta, tana da maɓalli, amma tana son ƙaramin tankin ajiye zuƙar da solenoyid, wato famfon lantarki mai buɗe mata hanya, domin in turbo na turawa babu zuƙa a bakin inji. Kada wani ya ce zai jawo maka daga tiyon birki. Duk wanda ya ce haka ka ɗauke motarka ka bar garejinsa.

Laminu Zariya: To ina amfanin ƙofar da ba za ka buɗe a wurin biki ba? Ni fa ta lantarki ban ga laifinta ba. Kamfanin QTP na Amurka suna yin masu kyau, ba irin ta kwali ba. Sirrin kawai kada ka riƙe maɓalli bayan ta kai ƙarshe, nan haƙoran ke cinyewa. Kuma ka riƙa buɗe ta lokaci-lokaci don kada toka ta kama ta.

Elh. Mutari: Wurin biki! Ku ne kuke hana tsofaffi da marasa lafiya barci. Wanda zai ji ƙarar motarsa ya fita hanyar Gidan Rumji inda ba gidaje.

Laminu Zariya: Alhaji ai kai ka fara sawa a garin nan.

Elh. Mutari: Ban taɓa buɗe ta a ƙofar gidan kowa da gangan ba, ka tambaya.

Seyni Yamai: Kaya daga Amurka, ko ta Lome ko ta jirgi, ka lissafa da kuɗin duwan kafin ka yi murna.

Dr. Rabi'u: Ko wacce ka zaɓa, faɗinta ya yi daidai da bututunka. A auna da ma'auni, kada a kintata da ido. Inci 2.5 shi ne milimita 63 da ɗoriya, inci 3 kuma 76. Kuma ta zama ƙarfen da ba ya tsatsa.

Maigida Issa mai walda: Wannan ƙarfen kuma ba a yi masa waldar ƙofar gida. Waldar argon yake so, in ba haka ba ɗinkin zai tsage da girgizar hanya. Ka sa maɗauri mai zobe don a iya kwance ta a wanke.

Nasiru GTI: Na gode ƙwarai. Hankalina ya fi kwanciya da ta matsin turbo mai famfo. Maigida, in kawo ta Asabar a auna?

Maigida Issa mai walda: Kawo ta da safe tun injin bai yi zafi ba. Ka zo da tankin ba a cike ba.

Laminu Zariya: Za ka dawo ka nemi rimot, ina nan.

Sani Dan Issa: Habu, har yanzu ban ga lambar ba.