Shin dokar hana jibge kaya za ta iya ceton masaƙunmu?

Tsohon Masaƙi, Kano:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masana harkar ciniki tsakanin ƙasashe, kuma ina roƙon a yi mini bayani dalla-dalla, domin abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na yi shekara 19 ina aiki a sashen rini da buga zane na wata masaƙa a Sharaɗa, har ranar da aka rufe ƙofa aka sallame mu. Tun daga lokacin, duk inda muka haɗu da tsofaffin abokan aiki, zancen ɗaya ne, wato atamfar ƙasar Sin ce ta kashe mu, domin an riƙa sayar da turmi a Kantin Kwari a kan kuɗin da bai kai na auduga da rinin da muke zubawa a turmi guda ba. Kwanan baya na ji a rediyo cewa Indiya da Afirka ta Kudu suna ɗora haraji na musamman a kan kayan da aka jibge musu da karyayyen farashi, kuma Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wato WTO, ta amince da hakan. To me ya hana Najeriya yin haka lokacin da masaƙun Kano da na Kakuri a Kaduna suke durƙushewa ɗaya bayan ɗaya? Rashin doka ne, ko kuwa manyan ƙasashe ne kaɗai ke da wannan dama?

Malamar Tattalin Arziki, Zariya:

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya musanya muku da mafi alheri. Damar tana hannun kowace ƙasa mamba, babba ko ƙarama, kuma Najeriya mamba ce tun kafuwar ƙungiyar a 1995. Tushen dokar yana sashe na 6 na yarjejeniyar GATT ta 1947, wato babbar yarjejeniyar kuɗin fito da ciniki tsakanin ƙasashe, aka kuma faɗaɗa shi da wata yarjejeniya ta musamman da ta fara aiki a 1995.

Sai dai abin da dokar ke kira jibge kaya bai kai faɗin abin da muke nufi a bakin kasuwa ba, domin araha ita kaɗai ba laifi ba ce. Ana cewa kamfani ya jibge kaya idan ya sayar da su a ƙasar waje ƙasa da farashin da yake sayar da irinsu a gida. In babu cinikin gida da za a dogara da shi, sai a duba farashin da yake sayar wa wata ƙasa ta uku, ko a lissafa abin da ya kashe wajen yin kayan a ɗora riba daidai gwargwado. Ke nan ba abin da masaƙarku ta kashe a Sharaɗa ake aunawa ba, abin da masaƙar can ta kashe ne. Idan wutarta ba ta ɗaukewa, injinanta sababbi ne, kuma tana buga turmi dubbai a lokacin da kuke buga ɗaruruwa, tana iya ƙwace muku kasuwa ba tare da ta taka wannan doka ba.

Kafin a ɗora harajin, wajibi ne hukumar bincike ta tabbatar an jibge kayan, kuma masana'antun gida sun cutu, sannan ta nuna cewa jibgewar ce ta jawo cutarwar. Wannan na ƙarshe shi ne mai wuya, domin dokar ta hana a ɗora wa baƙon kaya ɓarnar da wasu dalilai suka yi, kamar tsadar baƙin mai da rashin wutar lantarki. A bisa al'ada masana'antun ne ke shigar da ƙara, kuma sai masu goyon bayanta sun kai aƙalla kashi 25 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa na wannan kaya. Ana so a kammala bincike cikin shekara guda, kada ya wuce wata 18. Idan ratar farashin ba ta kai kashi 2 cikin 100 ba, a rufe maganar. Harajin ba zai zarce ratar da aka gano ba, kuma bayan shekara biyar ya faɗi, sai in sabon nazari ya nuna cewa cire shi zai dawo da cutarwar.

Najeriya tana da doka kan wannan tun 1958, kafin samun 'yancin kai, amma ta girmi ƙa'idojin 1995 da kusan shekara 40, kuma a shekarun da masaƙu ke rufewa babu tsayayyar hukuma mai akantoci da lauyoyi da za ta aika wa kamfanonin waje takardun tambayoyi, ta je har masana'antunsu ta duba littattafansu. Afirka ta Kudu kuwa tana da dokarta tun 1914, kuma hukumarta ta yanzu, ITAC, tana aiki tun 2003. Indiya ta fi kowace ƙasa buɗe irin wannan bincike tun 1995. A ganina wannan giɓi babban sakaci ne, musamman da yake Sin ta shiga WTO a Disamban 2001, sannan tsarin ƙayyade yawan yadin da ƙasashe ke fitarwa ya ƙare a Janairun 2005, kuma duka biyun an san da zuwansu tun da wuri.

Ɗan Kwari:

Malama, Allah ya ƙara ilimi. Ni ɗan sari ne, shekarata fiye da 20 a wannan kasuwa, kuma zan faɗi abin da idona ya gani, tare da neman afuwar Baba idan maganar ta yi ɗaci. A yawancin shekarun da ake magana a kai, gwamnati haramta shigo da atamfa ta yi gaba ɗaya, abin da ya fi kowane haraji tsanani, amma duk da haka kasuwa ba ta taɓa rasa ta ba. Kwantena takan sauka a Kwatano ko Lome, a rubuta cewa kayan Nijar ne, su isa Maraɗi ko Birnin Ƙonni, daga nan su ƙetaro ta ɓarauniyar hanya. Kayan da ba su bi ta teburin kwastam ba, ta ina harajin hana jibgewa zai same su? Hasali ma duk lokacin da aka ƙara kuɗin fito, ribar ɗan fasa-ƙwauri ce ake ƙarawa. Mun sake ganin haka a kan shinkafa lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, inda farashi ya tashi kuma buhunan waje ba su daina shigowa ba.

Akwai kuma abin da ya kamata mu 'yan kasuwa mu amsa laifinsa. Daga cikinmu ne ake ɗaukar zanen masaƙun gida a kai birnin Guangzhou na ƙasar Sin a ce a buga irinsa da yadi mai sauƙi, wani lokaci har a rubuta a bakin zanen cewa a Najeriya aka yi shi. Wannan jabu ne da satar fasaha, kuma maganinsa yana wata doka dabam. Sannan ina roƙon a tuna da mai saye. Magidancin da zai haɗa lefe ko ya yi wa iyali ɗinkin salla da ɗan abin da ke aljihunsa, shi zai biya duk harajin da aka ɗora, kuma telolin da ke cin abinci da wannan araha suna da yawan gaske.

Ɗan Auduga, Njamena:

Ina gaida Baba da sauran 'yan'uwa. Ina so in ƙara wani ɓangare da ya shafe mu a Chadi, inda cutarwar ba daga kamfani ta fito ba, daga baitulmalin wata gwamnati ta fito. Tallafin da Amurka ke bai wa manoman audugarta ya daɗe yana danne farashi a kasuwar duniya, shi ya sa a 2003 Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali suka haɗa kai suka kai kukansu taron ministocin WTO na Kankun a Meziko. Akwai harajin ramuwa da ƙasa kan ɗora wa kayan da aka tallafa, amma yana amfani ne idan kayan suna shigowa kasuwarka. Mu kuwa audugar Amurka ba ta shigo mana gida ba, a kasuwannin Asiya take karya mana farashi, inda ba mu da ikon ɗora wa kowa haraji.

Hanyar da ta rage ita ce ƙara a hedikwatar WTO da ke Janeba, kuma Birazil ce ta iya ɗaukar nauyinta a 2002, Benin da Chadi suka shiga a matsayin masu ruwa da tsaki. Birazil ta yi nasara, amma ƙarshenta sulhu aka yi. Daga 2010 Amurka ta riƙa biyan kimanin dala miliyan 147 a shekara ga wata cibiyar auduga ta Birazil, sannan a 2014 aka rufe shari'ar da dala miliyan 300. Manomin kudancin Chadi, wanda ya fi kowa jin jiki, ba da shi aka zauna teburin sulhun ba. Wannan ne ya sa nake ganin daidaiton da ke rubuce a takarda bai isa ba matuƙar kuɗin lauya ya fi ƙarfin ƙasa.

Tsohon Masaƙi, Kano:

Na gode ƙwarai, kuma Alhaji Ɗan Kwari, ban ji haushin maganarka ba, domin na san kwanakin da muka wuni a gindin inji babu wuta babu mai. Malama, tunda tamu ta riga ta wuce, me ya rage wa masu sarrafa tumatir da ƙarfe da sauran masana'antun da ke numfashi har yanzu?

Malamar Tattalin Arziki, Zariya:

Baba, akwai mataki na uku wanda ya fi sauƙi ga ƙasa mai ƙarancin ma'aikata, wato kariyar gaggawa ta sashe na 19 na GATT. A nan ba a bukatar nuna cewa wani ya yi maguɗin farashi, ya isa a nuna kaya sun yi ambaliya ba zato har sun yi wa masana'antar gida mummunar illa. Yana hawa kan kayan dukkan ƙasashe, ban da ƙasa mai tasowa da kasonta bai wuce kashi 3 cikin 100 ba, kuma ƙasa mai tasowa tana iya riƙe shi har shekara 10, alhali sauran ƙasashe 8 ce iyakarsu. Sharaɗinsa shi ne a riƙa sassauta shi sannu a hankali, kuma waɗanda abin ya shafa suna iya neman diyya.

Maganar ɗan'uwanmu na Njamena gaskiya ce, kuma ko wanda ya ƙware ma bai tsira daga matsin lamba ba. Tun 2000 Afirka ta Kudu ta ɗora harajin hana jibgewa a kan yankan kaza mai ƙashi daga Amurka, inda masu saye suka fi son ƙirji, cinyoyi kuwa a fitar da su waje da araha. A 2015, da aka zo sabunta AGOA, wato shirin Amurka na rangwamen kuɗin fito ga kayan ƙasashen Afirka, Amurka ta yi barazanar janye rangwamen da take yi wa kayan gonar Afirka ta Kudu, har sai da Afirka ta Kudu ta amince a shigo da tan 65,000 a shekara ba tare da wannan haraji ba. Amma kuma akwai inda mai ƙaramin ƙarfi ya yi galaba, domin Indiya ta kayar da Tarayyar Turai a 2001 kan harajin da aka ɗora wa zannuwan gadonta na auduga, bayan an gano cewa hanyar lissafin tana kumbura ratar farashi. Abin takaici shi ne sashen ɗaukaka ƙara na WTO ya tsaya cik tun Disamban 2019 saboda Amurka ta hana naɗa sababbin alƙalai.

A yankinmu an fara motsawa. Gana ta kafa hukumarta ta binciken irin waɗannan ƙararraki da dokar 2016, ECOWAS tana da ƙa'idojinta da suka zo tare da kuɗin fito na bai ɗaya da ya fara aiki a 2015, kuma yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka da aka sa wa hannu a Kigali a 2018 tana da rataye na musamman kan wannan batu. Akwai kuma cibiyar ba da shawarar shari'a a Janeba, wadda tun 2001 take taimaka wa ƙasashe masu tasowa da rangwamen kuɗi. Ganin abin da Alhaji ya bayyana, ina ganin hukuma ɗaya ta yankin za ta fi amfani, domin harajin da aka ɗora a tashar Apapa ta Legas ba a ɗora a Kwatano ba sauya wa kaya hanya kawai zai yi. Masu tumatir da ƙarfe kuwa, aikin da ke gabansu tun yanzu shi ne su haɗu a ƙungiya guda, su adana tantantattun littattafan aƙalla shekara uku na abin da suka samar da abin da suka sayar da yawan ma'aikatan da suka sallama, sannan su nemi alƙaluman kwastam na kayan da ke shigowa wata-wata, domin da waɗannan takardu ake buɗe bincike.