Neman shawara: faya-fayen mujallar Babanmu sun ƙi buɗewa, ga shi za a kwashe ɗakinsa

Autar Malam:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana uku ke nan ba na barcin kirki.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, malamin makaranta ne. Ya je ƙaro karatu Amurka, jihar Ohayo, ya dawo a 1995 da kwamfuta da kwali guda na faya-fayen CD. Ba na waƙa ba ne, ba na fim ba. Mujalla ce da ake kira Nautilus, wata-wata ake aiko masa da ita a kan faifai maimakon takarda. In an saka, sai ka ga shafi kamar na jarida, ka danna hoto ya yi motsi, ka danna wani wuri ka ji murya ko kiɗa, har da 'yan wasanni na gwaji. Lokacin ina 'yar shekara bakwai. Duk ranar Juma'a bayan la'asar, in akwai wuta, Baba zai cire ƙyallen da yake rufe kwamfutar da shi, ya zaunar da mu a tabarma, 'ya'yan maƙwabta suna leƙe ta taga. Ni yake ɗorawa a cinya ya riƙe hannuna a kan linzamin. Mama tana faɗa wai zai lalata mana ido. Akwai wani shafi na kifaye da nake sa shi ya maimaita har sai ya gaji, yana fassara mana abin da Baturen ke cewa.

Bara ya rasu. Yanzu an raba gado, Yaya Babba ya ce ƙarshen wata za a kwashe ɗakin saboda masu haya. Na ɗauko kwalin. Na sayi na'urar karanta faifai ta waje, mai igiyar USB, na haɗa da laftof ɗina. Wasu ba sa nuna komai, wasu suna nuna fayiloli amma in na danna sai ta ce manhajar ba za ta yi aiki a kwamfutar nan ba. Guda ɗaya na goge da makilin kamar yadda na ji ana yi, yanzu ko juyawa ba ya yi sosai. Ina son 'ya'yana su ga abin da kakansu ya nuna mana. Me zan yi?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam. Hajiya, da farko ki ajiye makilin ɗin nan, kada ki sake taɓa ko ɗaya da shi.

Matsalarki a fili take, na sha ganin irinta. Faya-fayen shekarun nan an yi su ne don Windows 3.1, wadda ta fito a 1992, kuma manhajojinta masu bit 16 ne. Duk Windows mai bit 64 ba ta tafiyar da su, ita kuwa Windows 11 gaba ɗayanta mai 64 ce. Ba faifan ne ya mutu ba, harshensu ne ya bambanta. Abin yi: ki fara kwafe kowane faifai dungurungum ya zama fayil ɗaya. Akwai manhajar kwafe faifai da ake kira ImgBurn, kyauta ce. Kowane faifai bai wuce megabait 650 ba, filas ɗaya zai ɗauke kwalin duka. Wajen ajiye kwafin, ki zaɓi nau'in fayil na BIN/CUE, ba ISO ba, don wasu faya-fayen suna da sashen sauti daban wanda ISO ke zubarwa. Bayan haka ki sa 86Box, manhaja ce da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfuta a cikin sabuwa, ki ɗora mata Windows 95, ki saita launi 256 da girman allo 640 da 480, ki ba ta katin sauti Sound Blaster 16. In faifan ya nemi QuickTime, wato manhajar kunna bidiyo, ki sa tsohon da ke cikin faifan, kada ki nemo sabo. Shi ke nan.

Maman 'Yan Biyu:
Allah sarki, kin sa ni hawaye. Allah ya kai haske kabarinsa. Ni ma haka aka yi min da faifan bikina. Mai ɗaukar bidiyon ya karɓi kuɗinsa cif, ya ba ni faifai ɗaya, bayan shekara shida na saka sai tsalle-tsalle yake, daidai wajen da mahaifiyata ke min nasiha ya tsaya cak. Na koma wajensa ya ce ai ya daɗe da goge nasa. Ita ma ta rasu, muryarta ba ni da ita ko'ina. Mutanen nan ba su da tsoron Allah wallahi.

Na Sabon Gari:
Duk wannan dogon Turanci ne. 'Yar uwa, ki shiga Beirut Road a Kano ko wajen masu gyara na garinku, ki ce a nemo miki tsohuwar kwamfuta Pentium mai Windows 98. Ki jona, ki saka faifai, ya tashi. Haka Malam ya yi amfani da shi, haka za ki yi. Wa zai zauna yana haɗa kwamfutar ƙarya a cikin kwamfuta?

Injiniya:
Na Sabon Gari, kwamfutar da ta haura shekara ashirin da biyar a ƙurar ƙasar nan? Batirin allonta ya mutu, ma'ajiyarta na gab da tsayawa, na'urar faifanta kuma ita ce za ta ƙarasa kankare mata faya-fayen. Kuma ko ta tashi, ranar da ta mutu an koma gidan jiya. Kwafi shi ne magani, sauran duk ɓata kuɗi ne. Maman 'Yan Biyu, naki daban ne: faifan da aka ƙona a shago rini ne a cikinsa, zafi da rana na cinye shi. Na Hajiya na masana'anta ne, bugawa aka yi, ya fi ƙarko nesa.

Autar Malam:
Na gode ƙwarai. Amma Injiniya, maganar makilin, ba da gangan na yi ba. Faifan ya riga ya yi zane-zane tun da, kuma a hankali na goga, da auduga. Mutane da yawa sun ce yana yi. Kuma gaskiya ni ba na son kwafi. Ina son in ɗauki faifan da hannun Baba ya taɓa, in saka, yara su gani. A bayan wasu ma akwai rubutunsa da biro, ya sa kwanan wata.

Injiniya:
A bayan faifan ko a jikin kwalinsa? Don in a saman faifan ne ya danna biro, nan ne wuri mafi hatsari. Mutane suna tsoron gefen mai ƙyalli, alhali bayanan suna kwance ne dab da gefen da aka yi rubutun kamfani, ɗan siririn fenti ne kawai ya rufe su. Ki ɗaga kowanne saitin fitila, in kin ga 'yan ƙananan huji haske na ratsawa, wurin ya tafi. In za ki goge ƙura, ƙyalle mai laushi, daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba. Kuma ban ce ki jefar da su ba. Ki kwafa, ki adana na asalin.

Baban Khalifa:
Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne Yayan naku. Shekara guda kacal har an fara maganar masu haya? Haka namu ya yi, littattafan mahaifinmu buhu uku, har da na hannu da ya rubuta da tawada, ya bar su a soro damina ta ci rabi, gara ta ci saura. Da na yi magana aka ce ina neman raba zumunci. Ki kwashe duk abin da za ki iya yau, kada ki jira ƙarshen wata. Ita kwamfutar tana ina?

Autar Malam:
Don Allah kada a zagi Yaya, shi ke riƙe da Mama da marayun 'yar uwarmu, kuɗin hayar nan ba aljihunsa zai sa ba. Kwamfutar kuwa ni da kaina na bai wa 'yan jari bola tun shekara huɗu da suka wuce, Baba na raye, da izininsa. Ta daina kamawa, ɓeraye sun yi gida a ciki, ga ɗakin ya matse. Ban san zan neme ta ba. Ko yanzu aka dawo da ni lokacin, abin da zan yi ke nan.

Ɗalibar Kimiyya:
Anti, kafin ki wahala, ki buɗe faifan kamar jaka, ki duba fayilolin da ke ƙarewa da MOV ko AVI ko WAV. Manhajar kallon bidiyo ta VLC na buɗe yawancinsu kai tsaye. Ba za ki ga shafukan mujallar yadda aka tsara su ba, amma bidiyon kifayen zai iya fitowa. Sannan ki leƙa shafin adana tsofaffin kaya na Internet Archive, mutane sun ɗora tsofaffin faya-faye masu ɗimbin yawa a can, ki rubuta sunan mujallar ki gani. Tambaya ɗaya: kin ce wasu ba sa nuna komai. Me aka rubuta a jikinsu?

Autar Malam:
Na duba. Waɗanda ba sa nuna komai an rubuta Macintosh a jikinsu. Su ne ma suka fi yawa. Wannan yana da wani muhimmanci ne?

Injiniya:
Hajiya! Ai da wannan za ki fara. Mujallar tana da bugu biyu, na Windows da na Macintosh, wato kwamfutar kamfanin Apple mai tambarin tuffa. Na Macintosh tsarin ajiyarsa HFS ne, Windows ba ta ganinsa sam, shi ya sa kike ganin wayam. Su ba 86Box za su bi ba, sai Basilisk II, mai kwaikwayon tsohuwar Mac, da System 7, babbar manhajar Mac ta lokacin, kuma sai an samo fayil ɗin ROM, wato manhajar da ke tayar da tsohuwar Mac. Ya fi wancan wuya, amma ana yi. Kwafin dai yana nan yadda na faɗa, ImgBurn zai iya ɗauko faifan ko Windows ba ta gane abin da ke ciki ba. To wace iri ce kwamfutar Malam ɗin? Akwai hoton tuffa a gabanta?

Na Sabon Gari:
Ka gani ko? Ɗazu ka ce "shi ke nan", yanzu an koma wata manhajar. Ni dai na faɗi nawa.

Maman 'Yan Biyu:
Injiniya, don Allah shi wannan ImgBurn ɗin zai iya ceto nawa faifan? Har yanzu yana cikin adakata.

Autar Malam:
Ban tuna tuffa ba. Fara ce dai mai ƙaton kai, da sifika biyu a gefe. Na tambayi Mama ta ce ita ba ta taɓa kallonta da kyau ba. Na gwada VLC a faifai biyu, wani bidiyo ya fito ƙarami kamar akwatin ashana, wani mutum na magana a kan mota, ba na kifayen ba ne. Ban san ma a wane faifai yake ba, kuma ina tsoron in yi ta sakawa ina cirewa. Gobe zan je gidan in sake duba ƙarƙashin gadon Baba, kamar akwai wani kwalin. Wanda na goge da makilin ɗin fa, an rubuta Maris a bayansa da hannunsa, akwai yadda za a yi da shi?