Sabon shiga laf ɗin imunoloji, don Allah a warware min waɗannan kalmomin

Ɗan_Mastas:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Sati na biyu ke nan da fara aiki a laf, ni dama maikurobayoloji na karanta, jiya supabaiza ya ce min in je in yi alikwat na sirom kuma kar in manta da kwanturol idan zan yi ELISA, ni kuwa sai gyaɗa kai nake kamar na gane alhali wallahi ko rabi ban kama ba. Antijin da antibodi ma har yanzu rikita min suke. Sai IgM da IgG, sai sirom da filasma. Kunyar tambaya nake ji a can, a taimaka.

Anti_Dakta:
Wa alaikumus salam ƙanena. Antijin shi ne abin da garkuwar jiki take ganewa ta kama, misali wani furotin a bayan ƙwayar cuta. Antibodi kuma jiki ne ke ƙera shi, ƙwayoyin B (wani nau'in fararen ƙwayoyin jini) ke fitar da shi, siffarsa kamar harafin Y, kuma kowanne da antijin ɗin da yake kamawa, ba ya kama na wani sai dai in sun yi kama sosai. IgM da IgG nau'o'in antibodi ne, IgM shi ke fara fitowa idan cuta ta shiga, IgG ya biyo baya ya daɗe a jini, shi ne ma yake ratsa mabiyiya ya kai wa jariri kariya tun yana ciki. Shi ya sa in ka ga IgM ya hau sai a fara zargin cutar sabuwa ce. Af, B ɗin nan daga wata gaɓa ta tsuntsaye aka samo shi mai suna bursa, a jikin kaji aka gano, T na ƙwayoyin T, 'yan uwan na B, kuma daga taimos, wata gaɓa a ƙirji.

Baba_Teknolojis:
Yaro, bari in ɗora. Filasma jini ne da aka hana shi daskarewa, irin wanda ake ɗiba a tub mai murfi shunayya mai EDTA (sinadarin hana daskarewar), a juya a santirifuj a kwashi ruwan sama. Sirom kuwa barin jinin ake ya daskare tukuna sannan a juya. Alikwat ba wani abu ba ne illa rarraba abu a ƙananan tub, yau ka ɗauki ɗaya ka narkar, sauran suna firiza ba ka taɓa su ba. Kar ka raina wannan. Wani ɗalibi da muka yi aiki da shi ya riƙa narkar da kwalbar antibodi guda yana mayarwa kullum, ga wuta da ake ɗaukewa firizar -80 tana ta kuka kafin a tayar da janareta, wata biyu bai samu sakamako ba yana ta zargin faifet, ashe antibodin ne ya lalace, kuma da dala aka sayo shi.

ELISA kuma gwaji ne na gano antijin ko antibodi, ana yin sa a faranti mai ramuka 96. Za ka ji ana bulokin, wato a zuba BSA (furotin daga jinin shanu) ko madarar gari a toshe wuraren da ba komai don kada antibodi ya manne barkatai, sai wanki da PBS (ruwan gishiri na laf) mai ɗan Tween (sinadari mai kama da sabulu), in da TMB (sinadarin da ke fitar da launi) kuke aiki launi zai fito shuɗi ya koma rawaya bayan ka zuba ruwan tsayarwa, a karanta a na'ura a tsayin zangon haske 450 nm. Kwanturol biyu ne, wanda ka san dole ya yi launi da wanda ka san bai kamata ya yi ba. In na biyun ya yi rawaya to aikin ranar ya tashi, sai haƙuri.

Zee_PhD:
Hhhh ni ma haka na yi fama. In ka ji PI, oga mai laf ɗin ake nufi. Tirifiliket kuma ramuka uku ga samfur ɗaya. Kuma don girman Allah rubuta suna da kwanan wata a kowane tub da maka mai jure sanyi, tub marar suna shara ake zubawa ranar gyaran firiza.

Ɗan_Mastas:
Allah ya saka da alheri, na kwafe duka a littafina. Baba, sirom ɗin da na bari a kan benci tun jiya da yamma fa, yana nan da amfani ko in je in faɗa wa oga?

Baba_Teknolojis:
Je ka faɗa masa yanzu, kafin ya tambaya.