Tambarin Jami'a a Rigunan Ɗalibai: Abin da Aka Tsayar a Kafin Hausa

Masu buga riguna da shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai sun zauna kan tambarin Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, bakinsu kuwa ya zo ɗaya: tambari mallakar jami'a ne, zama ɗalibinta bai ba ka izinin bugawa ba. A rubuta wa ofishin magatakarda, a haɗa da samfurin zanen, a jira amsa a rubuce. In an yarda, kada a sauya launin tambarin ko a matse shi.

Inda aka fi jan kunne shi ne fastocin siyasa da allunan masu koyar da ƙarin darasi na kuɗi, domin iyaye a ƙauye za su ɗauka jami'ar ce ta tsaya musu, su biya kuɗi. Wannan kam yaudara ce. Dattawan sana'ar sun ce mai shago ya ga takardar izini kafin ya karɓi aiki.