Tattaki da hawan dutse: abin da aka tattauna

Jama'a, magana ta yi tsawo, shi ya sa na tattaro abin da aka faɗa don waɗanda suka shigo daga baya.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Sabon shiga ya fara da fitar yini ɗaya, ya dawo ya kwana gida. Dutsen Dala a Kano ko Kufena a Zariya sun isa gwaji. In ka hau ba ka galabaita ba, sai ka ƙara gaba.
2. Duwatsun Shere na Jos sai wanda ƙafarsa ta saba, don akwai wuraren da dole ka dafa dutse da hannu.
3. Tafiyar kwana a daji daban take. Gangirwal, a gandun Gashaka-Gumti na Taraba, tsayinsa mita 2,419 ne, ya fi kowane dutse a Najeriya. Kwanaki ake yi ana tafe, ana kwana a tanti, kuma sai da ɗan jagora. Mai ciwon gwiwa ko hawan jini ya ga likita tukuna.
4. A fita da sassafe, a riƙe ruwa isasshe. Da damina dutse santsi gare shi.

Inda aka rabu:

Wasu sun ce sai takalmin hawan dutse, wasu suka ce kambas mai riƙe ƙasa ya wadatar a ƙananan duwatsu.

Muhawara ta fi zafi kan tafiya kai kaɗai. Masu sonta sun ce ta fi natsuwa. Ni dai ina bayan masu cewa a tafi cikin ayari, kuma a tambayi mutanen gari halin tsaro kafin a shiga daji.