Wai duk mai ce wa Allah "don me" bangaskiyarsa ta raunana?

Malamin makarantar Lahadi: Salama, 'yan'uwa. Baƙon da ya yi mana wa'azi jiya a unguwar Nima, nan Accra, ya ce Kiristan da ke tambayar Allah "don me" a cikin wahala, bangaskiyarsa ta raunana. Ni na yarda da shi. Romawa 8:28 ta ce kome yana aiki zuwa alheri ga masu ƙaunar Allah. To tambayar ta mece ce?

Mama mai gwanjo: Malam, da gobara ta cinye kasuwar gwanjo ta Kantamanto ran 2 ga Janairu 2025, kayan da na saro da kuɗin bashi duk sun zama toka. Na tambayi Allah don me, har gobe ina tambaya, kuma ban fasa zuwa sujada ba. Ni ce marar bangaskiyar?

Malamin makarantar Lahadi: Haba Mama, Allah ya sawwaƙe. Amma ki tuna Yusufu: 'yan'uwansa sun nufe shi da mugunta, Allah ya nufe shi da alheri.

Direban trotro (motar haya): Yusufu ya faɗi haka ne yana kan mulkin Masar, ba daga cikin rijiya ba. Kuma bai wanke 'yan'uwan nasa ba, mugunta ya kira abin da suka yi. Ran 3 ga Yuni 2015 ambaliya da gobarar gidan mai suka kashe mutum fiye da 150 a yankin Circle, nan Accra. Muka ce nufin Allah ne, muka koma zuba shara da leda a kwata, ruwa ya kwashe zuwa kogin Odaw. Wannan ma shirinsa ne?

Malamin makarantar Lahadi: Ɗan'uwa, ka karkata da maganar. Sakaci daban. Ina zancen gunaguni ne, irin wanda ya hana Isra'ilawa shiga Kan'ana shekara 40.

Baba dattijon ikilisiya: 'Ya'yana, ku bi a hankali. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana 7 ba wanda ya ce uffan, kuma ba a ga laifinsu a nan ba. Da suka buɗe baki suna kare Allah, suna neman zunubin da ya jawo masifar, su Ubangiji ya yi fushi da su a sura 42. Ayuba mai yawan tambayar aka sa ya yi musu addu'a. Yesu kansa a kan gicciye ya ce don me ka yashe ni. Isra'ilawa suna zancen komawa Masar ne, Malam. Mama kuwa ga Allah take kai kukanta.

Malamin makarantar Lahadi: Na ji, Baba. Tsorona matasa ne, sun fara da tambaya, sun ƙare ba sa zuwa.

Mama mai gwanjo: Wataƙila don ba a bar su sun gama tambayar ba. Ni matan zumunta ne suka haɗa mini kuɗin dila guda, ba wadda ta yi mini bayanin dalilin gobara. Sauran bashin yana nan, Malam, in baƙon naka yana da hali.